Awon Cikin Rijiya Wajen Neman Kwal: Tambayoyin 'Yan'uwa Mazauna Saudiyya da Amsoshinsu

Mutane iri biyu ne suka fi aiko da tambaya a kan wannan batu. Akwai ɗalibanmu masu karatun ilimin duwatsu da na man fetur a Zahran da Jidda, waɗanda suka fara gogewa da awon rijiyar mai, suna so su san ko ilimin zai yi musu rana idan sun koma gida. Akwai kuma 'yan kasuwa mazauna Jidda da Makka da ake yi wa tallar hannun jari a filin kwal a Gombe ko Kogi ko Tawa, a turo musu hoton baƙin dutse ta WhatsApp da takarda mai hatimi, a ce su turo riyal. Na haɗa tambayoyin waje ɗaya, don abin da ɗalibi yake nema ya koya shi ne abin da ɗan kasuwa ya kamata ya nema a nuna masa.

Malam, mene ne awon cikin rijiya?

Bayan an haƙa siririyar rijiyar bincike, sai a zo da wata sandar ƙarfe mai ɗauke da na'urori, a ɗaura ta a waya mai ƙarfi, a zura ta har gindin rijiyar. Daga nan injin naɗe waya ya riƙa jawo ta sama a hankali, 'yan mitoci kaɗan a minti ɗaya, ita kuma tana auna dutsen da take wucewa ta gefensa, tana aika sakamakon ta cikin wayar zuwa kwamfutar da ke cikin mota. Abin da ke fitowa doguwar takarda ce: zurfi a tsaye, layuka masu karkacewa dama da hagu a gefe. Ita ce zanen awo.

Aikin ba sabo ba ne. 'Yan'uwa biyu, Conrad da Marcel Schlumberger, su suka ƙirƙiro shi, kuma an yi awon farko a watan Satumba na 1927 a wata rijiyar mai da ke Pechelbronn a Faransa. Masu neman kwal daga baya suka ɗauko dabarar, suka ƙanƙanta na'urorin don su shiga siraran ramuka.

Saudiyya ba ta haƙar kwal. Me ya kawo maganar nan?

Gaskiya ne, ba ta haƙa. Wutar lantarkinta akasari daga gas da mai take, kuma ma'adinan da take ji da su zinariya ce irin ta Mahd ad-Dahab, da fosfat na arewacin ƙasar, da dutsen alminiyam na Ba'isa. Amma tun da rijiya ta bakwai ta Dammam ta ba da mai a 1938, yankin gabas ya zama ɗaya daga wuraren da aka fi yin awon rijiya a duniya. Wanda ya yi karatu a Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai, ko ya yi aiki da masu zura waya a Dammam da Kubar, ya riga ya san rabin aikin.

Kwal ɗin kuwa yana gida. An gano shi a Udi, kusa da Inugu, a 1909. Akwai na Okaba a Kogi, da na Lafiya zuwa Obi a Nasarawa, da na Maiganga a Gombe wanda masana'antar simintin Ashaka ke ƙonawa. A Nijar akwai na Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas, inda kamfanin SONICHAR ke samar da wutar da ake kai wa mahaƙan yuraniyam na Arlit, sannan ga na Salkadamna a jihar Tawa. Ilimin yana nan, kuɗin wasu 'yan'uwa ma yana nan, dutsen yana can.

Tunda injin haƙa yana ciro dutsen kansa a gani da ido, me ya sa sai an ƙara kashe kuɗi a kan awo?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don haka zan ɗan tsaya a kanta.

Haƙa iri biyu ce. A ta farko, bakin injin yana niƙe dutse, iska ko ruwa su turo ɓarɓashin sama. Tana da sauri da araha, amma ɓarɓashin kan ɗauki lokaci kafin ya iso baki, kuma a hanya yana gauraya da abin da ya zubo daga bangon rijiyar. Mai haƙa zai ga ruwa ya yi baƙi ya rubuta cewa an shiga kwal a mita kaza, an fita a mita kaza. Kuskuren rabin mita a nan ba abin mamaki ba ne, kuma siririn ratsin laka da ke tsakiyar kwal ɗin zai wuce bai gani ba.

A ta biyu, bakin injin mai rami ne, yana yanko dutsen a dunƙule, dogo mulmulalle, wanda za mu kira ɓargon dutse. Shi ne abin da ake jerawa a akwati a kai ɗakin gwaji. Matsalar ita ce kwal ya fi yawancin duwatsun da ke kewaye da shi gautsi. Dutsen yashi zai fito cif, kwal kuwa ya farfashe, ruwan haƙa ya wanke wani sashe. A haƙa mita uku, a buɗe bututu a tarar da mita biyu da rabi. Ina rabin mitar ya tafi? Kwal ne mai kyau ya niƙe, ko laka ce ta narke? Akwatin ba zai faɗa maka ba. Kuma ɗan Adam ɗan tara ne: wanda yake so a sayi filin zai ce kwal ne, wanda yake so ya saya da araha zai ce laka ce.

Na'urar awo ba ta dogara da abin da ya fito ba, abin da ya rage a bango take karantawa, a mazauninsa, santimita bayan santimita. Ita ke raba wannan gardama. Shi ya sa a aikin da aka yi bisa ƙa'ida, da zanen awo ake gyara zurfin da mai haƙa ya rubuta, kuma idan ɓargon kwal da aka samu ya gaza kusan kashi 90 zuwa 95 cikin 100 na kaurin da awo ya nuna, kamfanoni da yawa ba sa yarda da gwajin ingancinsa, sai a sake haƙa wata a gefe. Kuɗin awon kuma ƙaramin abu ne idan aka kwatanta shi da kuɗin haƙa rijiyar.

To ta yaya na'ura ke gane cewa wannan kwal ne?

Ta nauyi. Kwal dutse ne marar nauyi. Kubik santimita ɗaya na kwal mai tsabta giram 1.3 ne ko kusa da haka. Dutsen yashi da dutsen laka yawanci suna tsakanin 2.2 da 2.7. Tazarar nan babba ce, babu wani awo da ke raba kwal da maƙwabtansa kamar ta.

Yadda ake aunawa: a ƙasan sandar ana ɗaura ɗan ƙwayar sinadarin sisiyam-137, wanda ke fitar da hasken gama, wani haske mai ratsa abubuwa da ido ba ya gani. Hasken ya shiga bango, ya yi ta karo da ƙwayoyin lantarki na cikin dutsen yana warwatsuwa, wani sashe ya dawo ga ma'aunin da ke sama kaɗan a jikin sandar. Dutse mai nauyi yana tare hasken, kaɗan ne ke dawowa. Kwal yana barin da yawa ya wuce. Saboda haka da sandar ta iso kwal, ƙidayar sai ta yi tsalle.

Galibi ma'aunai biyu ko uku ake sa wa sandar. Na nesa da ƙwayar yana leƙa cikin bango sosai, shi ke ba da nauyin da za a fi dogara da shi. Na kusa ba ya nisa, amma idonsa kaifi ne, yana nuna daidai inda kwal ya fara da inda ya ƙare, har ratsin laka mai kaurin 'yan yatsu. Duk da haka a sani, abin da suke gani bai wuce taƙi ɗaya ko makamancinsa daga bangon rijiya ba.

Shi kuma awon gama na halitta fa?

Wannan ba ya buƙatar a sa masa komai. Duwatsu da kansu suna fitar da ɗan hasken gama daga fotasiyam da yuraniyam da toriyam da ke jikinsu. Laka ta fi tara waɗannan, don haka dutsen laka yana karantawa sama. Kwal mai tsabta yana karantawa ƙasa ƙwarai.

Amma kada a dogara da shi shi kaɗai. Dutsen yashi mai tsabta da dutsen farar ƙasa su ma ƙasa suke karantawa. Sannan akwai kwal da ya shanye yuraniyam daga ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda zai karanta sama kamar laka, musamman a saman shimfiɗar kwal ɗin ko ƙasanta. Wanda zai yi aiki a yankin Agadas, inda yuraniyam yake a duwatsun yankin, ya riƙe wannan a ransa. Fa'idar awon gama ita ce ba shi da tsirfa: yana aiki a busasshiyar rijiya, yana aiki ta cikin bututun ƙarfe, kuma kusan kowace sanda ana haɗa mata shi don a daidaita zurfin awo ɗaya da ɗaya.

A ba mu misalin yadda ake karanta takardar.

A ce kana bin zanen daga sama. Daga mita 60 zuwa 78 layin gama yana manne da hagu, wato yana karantawa ƙasa, nauyi yana wajen 2.4. Dutsen yashi ke nan. Daga 78 gama ya karkata dama, nauyi bai sauya sosai ba: an shiga dutsen laka. A mita 84 daidai sai layukan biyu suka zabura tare, gama ya faɗi, nauyi ya sauko 1.35. Ga kwal. Ka ci gaba da bin yatsa. A 85.1 nauyi ya yi wani siririn tsini zuwa 2.1, gama ya ɗan ɗaga, a 85.25 suka koma yadda suke. Ratsin laka ne mai santimita 15. A 86.3 nauyi ya fara hawa, amma ba farat ɗaya ba: 1.6, sai 1.9, sai 2.3 a cikin rabin mita. Wannan gindin kwal ne da ke rikiɗewa zuwa baƙar laka.

Mai tallar fili zai ce maka kaurin kwal mita 2.8 ne, daga 84 zuwa 86.8, don duk baƙi ne a ido. Zanen awo ya ce kwal mai tsabta mita 2.3 ne, daga 84 zuwa 86.3, a cire ratsi ya rage 2.15. Inda layi ya zabura farat ɗaya, kamar a mita 84, wurin yanke iyaka shi ne tsakiyar zaburar, ba farkonta ko ƙarshenta ba.

Ratsin nan kansa yana da amfani. Wasu ratsuna tokar dutse mai aman wuta ce da ta sauka kan fadamar da ta zama kwal, rana ɗaya a faɗin yanki. Idan ka gan shi da siffa iri ɗaya a rijiyoyi goma, ka tabbata shimfiɗa ɗaya kake bi. Idan a rijiya ta sha ɗaya ya bayyana mita 20 ƙasa da inda ake sa ransa, to akwai karayar ƙasa a tsakani, kuma wannan labari ne da mai tsara mahaƙa yake so ya ji tun kafin ya sayi injina.

Me ya sa ake damuwa da faɗin rijiyar?

Domin ma'aunin nauyi sai ya manne da bango yake faɗin gaskiya. Inda bango ya zube ya yi kogo, ruwa ne ke gabansa, kuma ruwa nauyinsa 1.0 ne. Sai zanen ya nuna abu marar nauyi, wanda bai sani ba ya ce kwal. Akwai sanda mai hannuwa da ke buɗewa suna shafar bango suna auna faɗi. Duk zanen nauyin da ba a haɗa shi da na faɗi ba, ni ba na sa hannu a kansa.

Awon lantarki da na niyutiron suna da amfani a kwal?

Suna da shi, a matsayin shaidu na biyu. Kwal mai matsakaicin daraja ba ya barin lantarki ya ratsa shi da sauƙi, don haka yana karantawa sama sosai. Sai dai ɗanyen kwal mai ruwan ƙasa, mai ɗauke da damshi da yawa, yana karantawa ƙasa, haka ma wanda ya kai ƙarshen nuna ko wanda narkakken dutse ya kutsa ya gasa shi, kamar yadda ake yawan samu a filayen kwal na Afirka ta Kudu. Kwal na kusa da saman ƙasa da iska da ruwa suka ruɓar shi ma yakan nuna sauyi, kuma sanin zurfin da ruɓewar ta tsaya yana da muhimmanci, don irin wannan kwal ba shi da zafi, ba a lissafa shi. Awon lantarki yana buƙatar ruwa a rijiya, kuma ba ya yiwuwa cikin bututun ƙarfe.

Awon niyutiron, mai harba wasu ƙananan ƙwayoyi cikin bango, yana ƙidaya haidurojin, sinadarin da ke cikin ruwa. Kwal cike yake da shi, don haka na'urar kan ɗauke shi kamar dutse mai ramuka cike da ruwa. Masu aikin mai sun san alamar nan sarai.

Awo zai iya faɗa mini ingancin kwal ɗin?

Toka, i, da sharaɗi. Sauran, a'a.

Toka ita ce laka da yashi da sauran ma'adinan da ke cikin kwal, waɗanda ba sa ƙonewa. Sun ninka kwal nauyi, don haka duk yadda toka ta ƙaru nauyi yana hawa. Idan nauyi ya kai wajen 1.8, kusan rabin dutsen toka ce, ya daina amsa sunan kwal. Sharaɗin shi ne sai an gwada ɓargon dutse daga wasu rijiyoyi na wannan fili a ɗakin gwaji, an ɗora sakamakon a kan nauyin da awo ya nuna, an fitar da layin da ya dace da filin. Layin Inugu ba zai yi aiki a Maiganga ba, don kwal ɗin ba daraja ɗaya ba ne, damshinsu ma ba ɗaya ba.

Farar wuta, da yawan zafin da kwal zai bayar, da ko zai dunƙule ya yi gawayin narka ƙarfe, waɗannan aikin ɗakin gwaji ne. Kwal na Lafiya zuwa Obi misali ne da ya kamata a tuna. An yi masa bincike ne saboda yana da halin dunƙulewar da masana'antar ƙarfe ta Ajakuta ke buƙata, amma shimfiɗunsa sirara ne, ƙasar ta kakkarye, ga toka ga farar wuta. Samun kwal daban, samun wanda zai biya kuɗin haƙarsa daban.

Injiniya, an ce mini filin yana da tan miliyan kaza. Yaya ake samun irin wannan adadi?

Alhaji, lissafin kansa ɗan firamare ma zai yi: faɗin fili sau kauri sau nauyi. Murabba'in kilomita ɗaya, kaurin mita 2, nauyi 1.4, ya ba da tan miliyan 2.8. Yanzu a ƙara santimita 20 kacal a kaurin, an ƙirƙiro tan 280,000 da babu su. Ka ga dalilin da ya sa ake faɗa a kan santimita.

Abin tambaya shi ne rijiya nawa aka haƙa, kuma nawa ne nisan da ke tsakaninsu. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya caka buhu ɗaya ya biya kuɗin tirela. Shimfiɗar kwal tana sirancewa, tana rabuwa biyu, wani wuri tsohon kogi ya cinye ta ya cike gurbin da yashi. Saboda haka ƙa'idojin bayar da rahoto, irin su JORC na Ostireliya da SAMREC na Afirka ta Kudu, suka kasa adadi gida uku: wanda aka yi hasashe, wanda alamu suka nuna, da wanda aka auna. Kuma ko wanda aka auna ɗin ba shi ne wanda za a iya haƙowa a ci riba ba. Sai an cire na ƙarƙashin gari da kogi, da wanda ya yi zurfi, da asarar haƙa. A buɗaɗɗen rami akwai wani adadi da ya fi tan muhimmanci: kubik mita nawa na ƙasa za a kwashe kafin a sami tan ɗaya. A nan riba take, a nan kuma take mutuwa.

Me awon sauti ke yi a nan?

Aikinsa tsare rayuka da bangon rami. Sandar tana buga sauti a bango tana auna saurin tafiyarsa. A kwal wajen mita 2,500 yake yi a daƙiƙa, a dutsen yashi mai ƙarfi ya haura 4,000. Gwargwadon sauri, gwargwadon ƙarfin dutse, don haka da shi ake ƙiyasta ko rufin ramin ƙarƙashin ƙasa zai tsaya da kansa ko sai an yi masa ƙusoshi da yawa, da kuma ko ƙasar saman kwal za ta kwasu da katafila ko sai an sa nakiya. Shi ma sai an daidaita shi da gwajin matse dutse a ɗakin gwaji.

Akwai wata sanda da ke juyawa tana ɗaukar hoton bangon rijiya kewaye da sauti. Tana nuna tsagogi da inda suka fuskanta da karkatar shimfiɗu. Akwai kuma mai auna karkacewar rijiyar kanta, don rijiya ba ta cika sauka a miƙe ba, kuma karkatacciya tana nuna kauri fiye da gaskiya.

An haƙa burtsatse a ƙauyenmu, ya fito da baƙar ƙasa, har an ce ta kama wuta. Kwal ne?

Yana iya zama, yana kuma iya zama baƙar laka mai ɗan burbushin itace, wadda ta fi kwal yawa a ƙasa nesa ba kusa ba. A tambayi mai haƙar zurfin da ya gamu da ita, a adana ɓarɓashin a leda, a kai wa Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya ko sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa. Kada a fara sayar da gona ko saye a kan wannan.

Wannan sinadarin nukiliya da ake zurawa, ba zai gurɓata ruwan sha ba? Ma'aikatan fa?

Ƙwayar a rufe take cikin ƙarfe ninki biyu, ba ta taɓa ruwa. Hasken gama da take fitarwa ba ya mayar da dutse ko ruwa mai guba, da an ciro sandar magana ta ƙare. Haɗarin yana wurin ɗaurawa da cirewa. A mota tana zaune cikin tukunyar kariya mai nauyi da kwaɗo. Idan za a ɗaura, ana kore mutane baya, ma'aikaci ya ɗauko ta da doguwar sanda, ya juya ta cikin mazauninta cikin 'yan daƙiƙu, a tura cikin rijiya nan take. Kowa yana maƙale da ɗan ma'aunin da ke tara adadin hasken da ya same shi.

Babban tashin hankali shi ne sanda ta maƙale a ƙasa. Ba a jan waya da ƙarfi har ta tsinke, ba a kuma sake zura injin haƙa a makance, don kada a fasa ƙwayar. Ana ƙoƙarin kamo ta da kayan da aka tanada. Idan ta gagara, a sanar da hukuma, a zuba siminti a rufe, a kafa alama. Sisiyam-137 sai bayan kimanin shekara 30 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. A Saudiyya akwai hukumar kula da nukiliya da tururinsa mai ba da lasisi, a Najeriya kuma takwararta mai suna NNRA. Ɗan kwangilar da ba shi da lasisin, kada ya shigo fili.

Ni ɗan kasuwa ne a Jidda, ban iya karanta zane ba. Me zan nema kafin in sa kuɗi?

Ranka ya daɗe, ba a cinikin biri a sama. Fara da lasisi: lambarsa, sunan wanda ke kai, kuma na bincike ne ko na haƙa, don ba ɗaya ba ne. A Najeriya Ofishin Rajistar Ma'adinai da ke Abuja ne ke bayarwa, bisa dokar ma'adinai ta 2007, kuma ana iya tantancewa a can. Sai taswirar rijiyoyi da lambobin wurinsu, yadda ɗan'uwanka zai iya zuwa ya taka bakin kowace.

Daga nan ka nemi zanen awo na kowace rijiya, nauyi da gama da faɗi, ba hoton shafi ɗaya ba. Ka ce a haɗo da ainihin fayil ɗin kwamfuta, wanda ake kira LAS. Wanda ya yi awo da gaske yana da shi, turo shi ba ya ɗaukar minti biyar. A saman kowane zane akwai kwanan wata da sunan rijiya da zurfin da mai haƙa ya kai da wanda sanda ta kai da bayanin daidaita na'ura. Idan rijiyoyi biyu masu nisa suka fito da layi iri ɗaya sak, har ƙananan karkace, zane ɗaya ne aka sauya wa suna. Sai hotunan akwatunan ɓargon dutse da takardun ɗakin gwaji masu nuna zurfin kowane samfuri.

Sannan ka biya wani masani da ba shi da kaso a cinikin ya duba. Cikin ɗalibanmu masu digiri na biyu da na uku a Zahran da Jami'ar Sarki Abdul'aziz akwai waɗanda za su gane zanen bogi a zama ɗaya.

Na koyi awon rijiyar mai a nan. Me zai bambanta idan na koma aikin kwal?

Ƙanena, ilimin ɗaya ne, hali ne ya bambanta. A mai kana aiki da rijiya mai zurfin kilomitoci da zafi da matsi, da babbar mota da tawaga. A kwal rijiyar 'yan ɗaruruwan mitoci ce, faɗinta milimita 76 ko 96, kai da mataimaki ɗaya a bayan a-kori-kura, rijiya biyu ko uku a yini. A mai, kuskuren rabin mita ba ya hana barci. A kwal santimita goma magana ce, don haka za ka koyi damuwa da inda sifili yake, bakin bututu ne ko doron ƙasa, da miƙewar waya, da sake bin sashen kwal a hankali karo na biyu.

Na'urorin mai an daidaita su ne don duwatsu masu nauyin 2 zuwa 3. A nan ƙasan ma'aunin kake buƙata, tsakanin 1.2 da 1.8, sai ka tabbata an daidaita sandar a wannan yanki. Kuma ka zauna da akwatin ɓargo, zane a hannu ɗaya guduma a ɗaya, har idonka ya haɗa abin da layi ya faɗa da abin da dutse ya nuna. Masu aikin mai ba kasafai suke samun wannan dama ba.

Yaushe ya kamata a yi awon, kuma idan rijiya tana rushewa fa?

Da an gama haƙa an wanke rijiya, kafin injin ya tashi daga wurin. Laka tana kumbura, yashi yana zubewa, rijiyar da aka bari kwana uku sau da yawa sanda ba ta kai gindinta. A sa mai haƙa ya wuce ƙasan kwal da 'yan mitoci, don ma'aunan suna sama da ƙarshen sandar, idan ramin ya tsaya daidai gindin kwal ba za su gan shi ba.

Sandar da ba ta ɗauke da sinadari ita ake fara zurawa, wato ta awon gama da awon faɗi, a ga ko hanya a buɗe take. Idan bango ba shi da tabbas, ana iya barin bututun haƙa a ciki a auna gama da nauyi ta cikinsu. Adadin nauyin ba zai zama na dogaro wajen ƙiyasta toka ba, kuma mahaɗar bututu za ta riƙa fitowa a zanen kowace mita uku ko shida, amma saman kwal da ƙasansa za su fito. A rubuta a saman takardar cewa ta cikin bututu aka yi awon.